Yadda na yi wa injin ɓarar gyaɗata rajistar mallakar ƙirƙira

Sana'ata walda da ƙere-ƙere a Kano, kuma galibin abin da muke haɗawa injinan amfanin gona ne: na casar masara, na niƙa, na ɓarar gyaɗa. Duk wanda ke cikin wannan sana'a ya san ciwonta. Sai ka yi wata da watanni kana fama da ƙarfe har Allah ya buɗa maka wata dabara, ka sayar da inji ɗaya tak, kafin kaka ta zagayo ka gan shi a bakin titi a shagunan mutane, an kwance an auna an kwaikwaya, har launin fenti ba a bari ba. Ba ka da bakin magana, don ba ka da wata takarda da ta ce naka ne. Saboda haka da na samo gyaran da nake ganin ya fi duk abin da na taɓa yi, na ƙudura ba zai fita daga shagona ba sai na bi hanyar doka.

Injin ɓarar gyaɗa ba sabon abu ba ne. Ana zuba gyaɗa ta sama, ganga mai haƙora ta murza ta a jikin raga, ɓawo ya fashe, fanka ta hure shi waje, tsaba ta zubo ƙasa. Matsalar tana cikin tazarar da ke tsakanin ganga da raga. In ta yi faɗi gyaɗa ta fito da ɓawonta, in ta matse tsaba ta dare biyu. Gyaɗa kuwa ba girmanta ɗaya ba. Irin SAMNUT da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar daban yake da 'yar gargajiyar da manomi ya gada, kuma ko a buhu guda akan samu manya da ƙanana. Mai matsar mai bai damu da fasasshiyar tsaba ba sosai, amma mai sayar da iri a Dawanau asara ce gare shi, domin tsabar da ta dare ba ta tsiro. A injinan da muka saba yi, gyara tazarar sai an kashe inji, an ɗauko sifana, an kwance noti. Abin da na yi shi ne na rataye ragar a kan sifirin ta yadda takan ɗan ja baya in babbar gyaɗa ta zo, na kuma haɗa ta da mariƙi mai matakai wanda mai aiki zai matsa da hannu ɗaya injin na gudu.

Da farko na ɗauka aikin na Hukumar Rajistar Kamfanoni ne, wato CAC, inda na yi wa shagona rajistar suna. Mutane da yawa a wajenmu haka suke zato. Wata lauya da ke aikin dokokin kasuwanci, wadda wani abokin cinikina ya haɗa ni da ita, ita ta rarrabe mini. Rajistar CAC sunan kasuwanci kawai take karewa. Tambarin da nake liƙawa a jikin inji rajistarsa daban, shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Siffar inji ta waje, yadda ido ke ganinsa, ita ma tana da tata rajistar, shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. Amma dabarar da ke sa injin aiki, wannan ita ce ake ba wa takardar mallakar ƙirƙira, ƙarƙashin dokar 1970 da ta shafi ƙirƙira da zane-zanen masana'antu, kuma ofishin da ke bayarwa yana Abuja, a sashen dokokin kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari.

Ba ta bari na fara bayanin injin ba sai da ta yi mini tambaya.

"Malam, ka taɓa sayar da ko guda? Ka kai shi kasuwa ko baje koli? Akwai wanda ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook ko TikTok?"

Na ce, "A'a, Barista. Ko gwaji a bayan shago muka yi shi, ƙofa a rufe."

Ta ce, "Alhamdulillahi. To ya ci gaba da zama a rufe sai na ce maka an karɓi takardunmu."

Wannan ita ce maganar da na fi son 'yan'uwana masu ƙira su ji. Doka ta ce ƙirƙira sai ta kasance sabuwa, kuma ma'aunin sabunta mai tsauri ne: duk abin da jama'a suka riga suka samu damar sani, a ko'ina a duniya, a kowane lokaci, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, kafin ranar da ka shigar da takarda, ya tashi daga sabo. Ba a ware kai mai ƙirƙirar ba. In kai da kanka ka tallata, ka kashe haƙƙinka da hannunka. Sassauci ɗaya dokar ta yi, ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi a cikin wata shida kafin shigarwa. Yau ga matasanmu masu basira, yaro ya ƙera abin mamaki, gobe 'yan jarida sun zo, jibi bidiyo ya zagaye ƙasa, ana ta sa albarka, ba wanda ya ja shi gefe ya faɗa masa abin da ya rasa a wannan makon. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ni abin da ya tsare ni tarbiyyar maigidana ce, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya yarda a ga aiki sai ya kammala.

A ranar ta rubuta wata gajeriyar takardar riƙe sirri, yaran shagona suka sa hannu. Ta kuma bi diddigin wasu abubuwa biyu da ban taɓa tunaninsu ba. Na farko, ko wani ne ya ba ni kwangilar ƙera wannan injin. Dalili, in ƙirƙira ta fito a cikin aikin da aka ɗauke ka ka yi, ko a cikin kwangilar wani takamaiman aiki, haƙƙin na wanda ya ɗauke ka ne ko wanda ya ba da kwangilar, ba naka ba. Mu da kullum wani Alhaji ke zuwa ya ce a haɗa masa inji mai yin kaza, ya ba da kafin alƙalami, wannan magana ta shafe mu kai tsaye, kuma ya kamata a riƙa rubuta wa zai mallaki dabarar tun kafin a kunna wuta. Na biyu, ko a cikin yarana akwai wanda ya kawo wani ɓangare na tunanin. Wanda ya taya da yanka da walda kawai doka ba ta kiransa mai ƙirƙira, amma wanda ya kawo dabara yana da haƙƙin a rubuta sunansa. Ta ƙara da cewa a Nijeriya wanda ya riga shigar da takarda shi doka ke fara dubawa, ko da ba shi ya fara tunanin ba. In sata ya yi, mai abu na iya ƙwato haƙƙinsa, amma sai ya kawo hujja. Tun daga nan nake rubuta kowane gwaji a littafi da kwanan wata.

Daga nan aka shiga bincike, kuma nan ne na fara fahimtar abin da wannan tsari yake nufi. Akwai rumbunan intanet na kyauta, Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, Patentscope na WIPO, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya da ke Janeba, da Google Patents, inda aka tara miliyoyin takardun ƙirƙira na ƙasashen duniya da zanensu. Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya ya zauna da ni dare da dare, yana karantawa yana fassara mini, ni kuma ina bin zane, don zane ba ya buƙatar tafinta ga maƙeri. Na ga injinan ɓarar gyaɗa na Amurka da suka girmi kakana, na ga na Indiya, na ga na Sin birjik. Akwai wani gyara da nake alfahari da shi, liƙa robar tsohuwar taya a haƙoran ganga don kada su ji wa tsaba ciwo. Ashe an daɗe da yinsa a wasu ƙasashe. Lauya ta ce a cire shi daga abin da za mu nema, ko da zai ci gaba da zama a jikin injin. Abin da ba mu ci karo da shi ba shi ne haɗuwar ragar da ke rataye a kan sifirin da mariƙin nan mai matakai, a yadda na tsara su. A kan wannan muka tsaya.

A waɗannan darare na gane cinikin da ake yi tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka bayyana dabararka filla-filla, yadda duk ƙwararre a fannin zai iya karantawa ya haɗa. Ita kuma hukuma za ta ba ka ikon hana kowa ƙera abin, ko shigo da shi, ko sayarwa, ko tara shi don sayarwa, na tsawon shekara 20 daga ranar shigar da takarda. In shekarun suka cika, dabarar ta zama ta kowa. Tsohon tsari ne, birnin Banis na Italiya ya yi dokarsa tun 1474. Duk tsofaffin zanen da na gani a rumbunan nan halal ne ga kowane maƙeri a Ƙofar Ruwa ya ɗauka ya haɗa, ba ya biyan ko sisi, amma kaɗan ne a cikinmu suka san suna nan.

Wani dattijo da muke sallah tare ya tsayar da ni a kan wannan. Ya ce, "Ɗana, ilimi Allah ke bayarwa. Ya za a yi ka killace shi?" Na girmama tambayar, don ni ma ta taɓa zuwar mini. Na ce masa, "Baba, wanda ya ɓoye dabara a cikinsa har ya mutu da ita, shi ya killace. Ni rubutawa zan yi a ajiye inda kowa zai karanta." Daga baya na samu cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi mata ta'adi. Hankalina ya ƙara kwanciya.

Aiki mafi wuya shi ne rubutun. Takardar tana da bayanin injin, tana da zane mai lamba a kan kowane ɓangare, sannan a ƙarshe akwai jerin da'awa, wato jimlolin da ke faɗin ainihin abin da kake cewa naka ne. Kamar iyakar gona suke: abin da ke ciki naka, abin da ke waje na kowa, kuma alƙali ba zai duba abin da ke zuciyarka ba sai inda ka kafa alama. Ni da na fara faɗa, cewa na yi a rubuta sifirin guda huɗu da mariƙi mai mataki biyar, don haka injina yake. Ta girgiza kai.

"In muka rubuta huɗu, Malam, gobe wani ya sa shida ya ce ba naka ba ne. In kuma muka ce duk wata raga mai motsi, mun shiga gonar mutanen da suka riga ka, kotu za ta soke."

Haka muka yi ta ja da sassautawa a kan kalma ɗaya ɗaya. Ta rubuta da'awa ta farko da faɗi gwargwadon abin da bincike ya bari, sannan ta bi ta da wasu ƙanana masu ƙara bayani, ta yadda in ta farko ta faɗi a kotu na baya za su iya tsayawa. Na so a haɗa da wata dabarar fanka da nake gwadawa, ta ce doka ƙirƙira ɗaya take karɓa a takarda ɗaya. Zanen kuwa ɗan ƙanwata ya yi shi a kwamfuta daga wanda na zana da fensir.

Shigarwar kanta ba ta ba da wahala ba. Takardar neman rajista mai sunana da adireshina, bayani da da'awa, zane, takardar wakilci da na sa wa hannu don lauya ta tsaya a madadina, da shaidar biyan kuɗin gwamnati ta Remita. Kuɗin lauya ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba, kuma ban yi da-na-sanin ko kwabo ba. Ga wanda ba shi da hali, hukumar NOTAP a Abuja, ta gwamnatin tarayya mai kula da bunƙasa fasaha, tana taimaka wa masu ƙirƙira da masu bincike wajen shirya takardu da shigar da su, kuma tana da ofisoshi a jami'o'i da dama. Ba da jimawa ba aka ba mu takardar shaidar karɓa mai lamba da kwanan wata. Wannan kwanan watan shi ne kome, daga shi ake ƙirga shekara 20, kuma daga shi ne bakina ya buɗe. A makon na kai injin Dawanau.

Bayan wasu watanni takardar amincewa ta fito, sannan takardar mallaka mai hatimi. Da na karɓa na ce wa lauya, to yanzu gwamnati ta tabbatar ba wanda ya riga ni. Ta ce in zauna.

Ta buɗe mini sashe na 4 na dokar. Magatakardan ofishin cikar takardu yake dubawa: an cike abin da ya kamata, an biya kuɗi, ƙirƙira ɗaya ce. Dokar ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba, ko akwai basira a cikinsa, ko bayanin ya wadatar. Ƙarara aka rubuta cewa ana bayar da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. A Amurka ko ofishin Turai akwai masu bincike da za su yi shekaru suna jayayya da kai kafin su ba ka. A nan jayayyar tana jira ne sai ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya, inda duk wanda ka kai ƙara zai iya cewa a soke takardarka don abin ba sabo ba ne, ya ɗauko wani tsohon zane na Indiya ya ajiye gaban alƙali. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ta matsa mana a kan bincike, ta kuma hana ni saka robar taya. A ganina wannan tsari yana da amfaninsa ga talaka, don yana da sauƙi da araha. Amma yana yaudarar wanda bai sani ba. Na ga mutane suna ɗaga irin wannan takarda a gaban masu zuba jari kamar an gwada abin an tabbatar, alhali ƙarfinta bai wuce ƙarfin binciken da aka yi da da'awar da aka rubuta kafin a shigar ba. Ina fata ranar da za a gyara dokar nan, wadda ta haura shekara hamsin, a samar da masu binciken ƙwarai a ofishin.

Sai maganar ƙetare. Ina da masu saye daga Maraɗi da Damagaram, kuma takardar Abuja ba ta aiki da zarar an wuce Jibiya ko Maigatari. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi. Gana da Sudan kuma suna cikin wata ƙungiya irinta, ARIPO, mai hedikwata a Harare. Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya. Amma tana cikin yarjejeniyar Faris ta 1883, wadda ke ba ka wata 12 daga ranar shigarwarka ta farko ka je wata ƙasa ka shigar, a ɗauka kamar a ranar farkon ka yi. Tun 2005 kuma tana cikin tsarin PCT, inda ake shigar da takarda ɗaya ta ƙasa da ƙasa, wanda ke tsawaita lokacin yanke shawarar ƙasashen da za ka nema zuwa wata 30 a yawancin ƙasashe. Na zauna na yi lissafi: kuɗin wakili, kuɗin shigarwa, kuɗin shekara-shekara, a kan yawan injin da nake sayarwa a can. Bai fitar da ni ba, na bar shi da sanina. Ma'anarsa maƙerin Maraɗi yana da 'yancin haɗa irin injina ya sayar a ƙasarsa, abin da ba zai yi ba shi ne ya shigo da shi kasuwar Nijeriya.

Ba a yi shekara ba na ga ragata da mariƙina a wani shago. Hukuma ba ta yi maka gadi, kai za ka sa ido, kai za ka ɗauki mataki. Lauya ta ce kotu tana nan, tana iya hana shi ta kuma sa ya biya diyya, amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, a fara da wasiƙa. Ni kuma na ce kafin wasiƙa a bar ni in bi ta hanyarmu. Na ɗauki shugaban ƙungiyarmu ta masu walda muka je, na ajiye kwafin takardar a gabansa. Mutumin ya girme ni, na ce, "Yaya, ban zo rufe maka shago ba. Ka ci gaba da yi, amma da izini, kuma a rubuce." Ya yi ta faɗa da farko, yana cewa tun yaushe ƙarfe ya zama na mutum ɗaya. Shugaba ya karanta masa da'awa ta farko, ya nuna masa a jikin injinsa ɓangare bayan ɓangare. Muka rabu a kan zai riƙa biyan wani abu a kan kowane inji, ni kuma in ba shi ma'aunin sifirin daidai, don nasa yana fasa tsaba kuma sunan injin yake ɓatawa. Lauya ta rubuta yarjejeniyar lasisi, aka kai ofishin Abuja aka yi mata rajista, domin lasisin da ba a yi wa rajista ba ba ya zama hujja a kan wasu mutane na waje.

Abin da ya rage a kaina yanzu biyu ne. Akwai kuɗin da ake biya kowace shekara, in an yi sakaci akwai rangwamen wata shida tare da tara, in ya wuce takardar ta mutu. Lauya tana tuna mini, ni ma na rubuta watan a bangon shago. Sannan doka ba ta yarda ka karɓi takarda ka kwanta a kanta ba: bayan shekara 4 da shigarwa ko 3 da bayarwa, duk wanda ya fi nisa, in ba a ƙera abin a ƙasar nan ko ba a wadatar da masu buƙata, wani na iya zuwa kotu ya nemi a ba shi lasisin dole. Da shagona da na Yayan nan muna fitar da abin da kasuwa ke nema a kaka. Dabarar fankar da aka ce ba za ta shiga takardar farko ba tana bayan shago, mun fara bincikenta a rumbunan nan, kuma ya zuwa yanzu mun ci karo da zane biyu na Sin da suka yi kusa da ita, sai mun zauna da Barista mun ga ko akwai abin da ya saura da za a nema.